Cokulan da Ba Nawa Ba

Tun kafin autarmu ta sa ƙafa a jami'a nake tsoron ranar da Mama za ta kama wuyan hannunta. Mamarmu ba ta tambayar mutum ko yana lafiya. Wuyan hannunka take kamawa, ta zagaye shi da babban yatsa da na tsakiya. In yatsun ba su haɗu ba, wanda ke riƙonka mutumin kirki ne. In sun haɗu har sun hau juna, ba za ta yi faɗa a gaban mutane ba, sai dai ka ji tana tambaya ina jakar kayanka take.

Ita da kanta ta kawo min yarinyar daga ƙauye zuwa gidanmu a Kamazou, da acca da citta da kaza guda a kwali. Lokacin ɗana ko rarrafe bai fara ba. Autar ce ta farko a gidanmu da ta kai jami'a, ni a firamare na tsaya. Sai dai ta fito daga makarantar kwana da olsa, wato gyambon ciki, shi ya sa Mama ba ta so wannan karatun ba tun farko. Da Mama za ta koma, muna bakin titi muna jiran keke, ta ce min, "Karatun nata ne, cikinta naki ne. Zan zo Kirsimeti. In na tarar ta rame, da ni za ta koma. Ban haifi 'ya don takarda ta cinye min ita ba."

Na ce, "To, Mama." Daga ranar ko tuwo nake tuƙawa, wuyan hannun yarinyar nan nake gani.

Jami'ar tana ƙetaren kogi. Daga gidanmu sai ka hau keke zuwa Sabo, ka shiga bas ka haye gada, ka sake hawa wani keken. Lakca kuma tun da safe, don haka dole ta zauna a hostal. Ƙarshen satin farko ta zo gida da labari.

"Yaya, akwai wani tsari a makaranta. Ana biyan kuɗin abinci na zango gaba ɗaya, a ba ki kati mai hotonki. Safe, rana, yamma, sai ki je kafteriya ki nuna, a zuba miki."

"A zuba miki me?"

"Abinci mana."

"Wa ya dafa?"

"Wasu mata ne."

"Wasu mata! Kin san su? Kin ga farcensu?"

Ni fa ina zuwa kasuwar Sabo, kuma idona ba a rufe yake ba. Ina ganin wasu masu abincin sayarwa tsugune gaban kwandon tumatirin da ya fashe, suna korar ƙuda da hannu ɗaya suna ciniki da ɗayan. Na kuma ji an ce akwai masu jefa ƙwayar magani a tukunya don nama ya yi saurin laushi. Ban gani ba, amma ni abin da na ji ma yana hana ni sukuni. Ban da haka, in labari ya kai ƙauye cewa ina cikin garin nan da hannuwana biyu ƙanwata tana bin layi da kati kamar marar kowa, da wace fuska zan shiga coci a gida?

Maigidana makanike ne a Kakuri. Yana cin tuwo yana jin mu, ya ce, "Madam, ki bar yarinya ta gwada mana."

Na ce, "Kai da nake haɗa maka kula zuwa gareji kullum, ka taɓa cewa a bar ka ka gwada na bakin titi?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Haka na ɗora wa kaina girkin Laraba da Asabar. Kuloli biyu gare ni manya, kyautar matan zumunta lokacin bikina, ɗaya ta tafi ɗaya ta dawo. Gwaten acca da yakuwa da gauta, wake da manja, faten doya, jar miya da na soya sosai don ta yi kwanaki. Ba na sa barkono saboda cikinta. Ga gari, ga ƙuli, ga gyaɗa a kwalba. In goya yaro, in rungume kula a cinya cikin bas, gosulo ya riƙe mu a kan gada, zufa tana bin bayana tana jiƙa yaron. Wani kwandasta har ya gane ni. Da ya hango ni sai ya ce, "Madam, yau kam kular nan sai ta biya kuɗin kujera." A bakin get nake miƙa mata cikakkiya in karɓi wadda ta wofinta, in juyo.

Kular kuwa tas take dawowa, ko ƙwayar wake babu. In buɗe a gida in ji daɗi, in nuna wa maigida. "Ka gani? Wannan ne za a ce kati ya fi?"

Abu ɗaya ne na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba. Ni na san cokulana, duk iri ɗaya ne, masu zanen ganye a mariƙi. Wata rana na buɗe kula na tarar da cokalin roba shuɗi. Wani satin kuma wani siriri mai lanƙwasasshen wuya. Daga baya wani ƙato, kusan ludayi, an ɗiga masa jan farce a mariƙi don alama. Na ce wajen wanke-wanke suke cakuɗewa. Na zuba su a kofi na ajiye kan taga, in na tuna zan mayar.

Sai yarinya ta fara ramewa. Ƙashin wuyanta ne ya fara fitowa. Ranar wata Lahadi muna shirin coci ta ɗaga hannu za ta ɗaura ɗankwali, na hango fil a ƙugun siket ɗinta, siket ɗin da ni na kai ɗinkinsa kuma daidai ya zauna mata. Na ce, "Auta, mene ne wannan?" Ta ce karatu ne. Wane irin karatu ne yake cin nama ya bar ƙashi?

Babu abin da ban zarga ba. Na ce ko 'yan addu'ar makaranta ne suka sa ta azumi, ta rantse a'a. Na ce ko saurayi ne yake wahalar da ita. Na ce ko irin ramar gayun nan ce ta 'yan matan yanzu. Na saya mata maganin tsutsar ciki na tsaya a kanta sai da ta haɗiye. Maƙwabciyata, wata Inyamura mai shagon kayan masarufi, ta ja ni gefe ta ce in duba ƙasan idonta da tafin hannunta, wani cikin da rama yake farawa. Na duba. Yarinyar ta gane abin da nake nema, ta yi kwana biyu ba ta ɗaga wayata ba. Da duk suka ƙare sai na ce abincin ne bai isa ba, na ƙara mudu. Kula tana ƙara nauyi har kafaɗata tana ciwo, mai kular tana ƙara zama iska.

Ɗana ne ya tona asirin. Wata Asabar muna isa get ya ɓata jikinsa, ya kuma buɗe baki da kuka irin na yunwa. Autar ta ce in shigo ɗakinsu in gyara shi in ba shi nono. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Muna hawa baranda na ji wata murya daga sama: "Anti ta iso! Kula ta sauka!" Sai ƙofofi suka fara buɗewa.

Ɗakin gadaje ne masu hawa biyu, da ƙyar mutum zai juya, bokitai a ƙarƙashi, kaya rataye ko'ina. 'Yan mata suka cika shi, wasu ma daga maƙwabtan ɗakuna. Kuma ba marasa tarbiyya ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. "Anti, sannu da hanya." "Anti, kawo jakar." "Wayyo, ga ɗan saurayinmu!" Wata ta kawo min ruwan wanke yaro, wata ta gyara min gado in zauna. Kowace da cokali a hannu.

Autar ta ajiye kula a tsakiyar ɗaki ta buɗe, ta ce, "Ku zo mu ci." Da muryar Baba ta faɗa, yadda yake faɗa a ƙofar gida in an kawo masa tuwo, ko waye yake wucewa.

To amma a ƙauyenmu tayi rabi biyu ne. Kai ka ce a zo a ci, mai wucewa ya ce, "Na gode, yanzu na tashi daga nawa." In ma ya tsaya, loma ɗaya zai yi don kada ka ji ya raina ka, ya wanke hannu ya tafi. Kowa da tukunya a gidansa. Mu aka koya wa rabin farko da bulala, ba a taɓa gaya mana akwai inda ba a mayar da rabi na biyu ba. A hostal ba wanda ya tashi daga nasa.

Suka zagaye kular. Wata doguwa, baƙa, mai fara'a, ta zaro cokali, na ga ɗigon jan farce a mariƙinsa. Ashe biyu gare ta, ɗayan yana kan tagata. Ta cika bakinta da gwate ta ce, "Anti, gwaten ranar Laraba gishiri ya ɗan yi kaɗan, amma na yau, kai!" Wata ta ce, "Anti, don Allah me ya sa ba kya sa attaruhu? Ko ɗan kaɗan." Ni ake ba wa oda! Autar tawa ta yi cokali biyu, wata ta ƙware, ta tashi ɗebo mata ruwa. Kafin ta dawo ana kankare gindin kula.

Ni kuma ina zaune da yaro a ƙirji, sai na ji bakina yana cewa, "Ku ci, 'yan mata, ku ci." To me zan ce? A ƙwace cokali daga bakin 'yar mutane?

Da autar ta rako ni muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro.

"Ke! Ashe hostal ɗin nan gaba ɗaya nake ciyarwa?"

"Ba duka ba ne, Yaya. Layinmu ne kawai."

"Layinku kawai! Ki riƙa ci kafin ki kira su."

"A ina?"

"Ki rufe ƙofa."

"Ɗakin nawa ne ni kaɗai? Na taɓa gwadawa a cikin bargo. Daddawarki ce ta tona ni, tun daga baranda ake jin ta." Ta share ido da bayan hannu. "Doguwar nan, babanta ya rasa aiki, tun da aka buɗe makaranta ba a aiko mata komai ba. A gadon samana take. In zauna ina tauna tana jina? Ke za ki iya? Ai yanzu na ji kina cewa su ci."

Na gyara goyo na tafi, har Sabo ina magana ni kaɗai.

Na yi dabaru. Na riƙa cusa ƙaramar roba a ƙasan jakar wankinta, in ce, "Wannan taki ce ke kaɗai, in kin ba wani ban yafe ba." Ta ce min in daina faɗin haka, don tana bayarwa kuma tana jin tsoro. Na kai mata ɗanyen kaya da risho. Lakca tun safe har yamma, yaushe za ta dafa wake? Shinkafar kuma kofi-kofi aka ranta har ta ƙare. Na koma kiran waya da rana: "Kin ci? Tauna in ji." Sai in ji ƙarar ƙuli ƙurus-ƙurus. Ƙuli ne abinci?

Wata rana da azahar ina shanya kayan yaro, baƙuwar lamba ta kira ni. "Anti, kada ki tsorata." Duk duniya ba maganar da ta fi wannan tsoratarwa. Doguwar ce. Autar ta fito daga ɗakin gwaji ta dafe ciki, ta yi amai, ta zube. Ban san yadda na haye gadar nan ba, da silifas ɗin wanka na je.

Na same ta a asibitin makaranta ana ƙara mata ruwa. Doguwar tana gefen gado tana mata fifita da littafi, ƙafarta ɗaya ba takalmi. Ita ta goyo ta tun daga ajin, takalmin ya faɗi a hanya ba ta tsaya ɗauka ba. Duk faɗan da na taho da shi a baki dominta, na rasa inda zan ajiye shi.

Nas ɗin ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce yayarta? Kuna garin nan kuka bar mai olsa da yunwa?"

Ni! Ni da kafaɗata ta kusa gocewa! Na buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Da ta ga haka sai ta sassauta, ta ce ciwon nan ba ya son biki yau gobe yunwa. Ko kaɗan ne, a ci kullum, a kan lokaci. Da ta fita na kama wuyan hannun autar tana barci, na zagaye shi yadda Mama take yi. Yatsuna suka haɗu, suka hau juna, har da saura.

Da yamma maigida bai ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Cewa ya yi, "Madam, abin da kike kashewa a mota da gas da cefane, ai zai yi katin nan. Je ki duba wurin da idonki. In bai yi miki ba, shi ke nan."

Na je da niyyar kada ya yi min. Na zagaya ta bayan kafteriyar inda ake girki, na ce ina son ganin tumatirinsu. Shugabar masu girkin wata babbar mace ce, daga jin Hausarta 'yar wajenmu ce. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Yau kuma inspekta muka samu da goyo? Shigo, ranki ya daɗe." Na shiga. Na duba kwando, na shinshina mai, na leƙa randar ruwa, na kalli farcen kowa. Kawunansu a ɗaure, ƙasa a share. Ban sami abin kamawa ba sai miyar. Miyar kuɓewa ce da za ka hango ƙasan kwano ta cikinta, naman kuma kamar maɓallin riga. Na faɗa mata. Ta ce, "'Yata, ɗalibai nake ciyarwa, ba angwaye ba." Ta nuna min wata ƙaramar tukunya a gefe wadda ba a sa wa barkono, ta masu ciwon ciki, ta ce suna da yawa.

Na ce to in na biya, za a riƙa zuba mata a kula ta tafi da shi ɗaki ta ci a natse?

"A'a. Mai hoto shi ke ci, a nan, a zaune. Ko cokali ɗaya ba ya fita."

"Wannan ai rowa ce, Mama."

"Rowa? In na bari suka fita da shi, rabin masu katin nan da yunwa za su wuni. Kin san hostal kuwa?"

Na san hostal.

Na samu benci a gefe na zauna ina ba yaro nono ina kallo. Suna shigowa da littattafai a hammata, a duba kati, a zuba, su zauna. Wata yarinya ta ajiye farantinta kusa da wata, ta ce, "Mu ci." Ɗayar ta ɗaga nata farantin ta ce, "Na gode, ga nawa." Tun da na baro ƙauye ban ji an mayar da tayi daidai haka ba.

Muka biya. Ba zan ce na ji daɗi ba. Amma in na kira da rana yanzu ƙarar faranti nake ji. Ba risho, ba neman kananzir, ba wankin tukunya, tana fitowa lakca ta ci ta wuce laburare. Ciwon ya lafa. Wata Lahadi na ga fil ɗin nan a kan tagata kusa da kofin cokula, ta cire ta ajiye. Kumatu suka dawo. A kan wannan tsararon miyar! Ni da nake soya jar miya sai mai ya taso, ban ga ko rabin haka ba. Har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Mama ta iso ana jibi Kirsimeti. Ko jakarta ba ta sauke ba ta cafke hannun autar a bakin ƙofa. Ta matsa, ta sake matsawa. Yatsun suka tsaya, da ɗan fili tsakaninsu.

"To," in ji Mama. Ta juyo gare ni. "Hannunki da albarka."

Autar ta taka min ƙafa, wai in yi shiru. Ban iya ba, cikina ba ya riƙe irin wannan. Na zaunar da Mama na faɗa mata komai, da kular, da cokulan, da asibitin, da katin.

"Abincin sayarwa?" ta ce. Ta sake jawo hannun ta auna, ko ta yi kuskure. "To, mai girkin nan ta iya riƙo. In za ku koma ku kai mata citta." Ba ta tambayi jakar kayan kowa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara cewa ai laifin autar ne da ba ta iya rufe kula ba. Mama ta daka min harara. "Da ta ci ita kaɗai, da ba ni na haife ta ba. Ita doguwar da ta goya min 'ya, wa yake riƙonta?"

Na ce ba kowa, iyayenta ba su da halin kati.

"Kulolin nan biyu sun fashe ne?"

Shi ya sa har yanzu duk Asabar ina kan gadar nan cikin gosulo, yaro a baya, kula a cinya, kwandasta yana min tsiya. Bambancin kawai, yanzu na san wa nake dafa wa, kuma ina sa attaruhu, tunda sun yi oda. Tawa kuwa in an buɗe kula tana cewa, "Ku ci, na tashi daga nawa." Cokulan suna nan kan taga, sun ƙaru ma.

Roƙona gare ki, ke mai 'ya ko ƙanwa a jami'a, da kai ma: kada ki tsaya a bakin get ki miƙa kula ki juya. Shiga ɗakin, ki zauna har a buɗe ta, ki ga loma nawa take kaiwa bakin taki. In makarantar tana da tsarin katin abinci, je ki duba tukunyarsu, in da hali ki biya mata tun kafin sabon takalmi da sabuwar waya. Kuma kafin ki fito, don Allah ki tambayi yarinyar gadon sama ko ta ci wani abu yau.